Masu Auna Zurfi da Ido Ɗaya

A cikin baƙaƙen 'yan akwatunan nan masu ƙafafu da ake gani manne a jikin fanel ɗin rediyo ko na waya, waɗanda masu gyara ke kira ai-si, akwai zaruruwa na zinare ko jan ƙarfe da suka fi gashin kai siranta. Kaurin da aka saba da shi wajen maikiromita 25 ne, wato kashi ɗaya cikin 40 na milimita, silin gashi ya ninka shi sau biyu ko uku. Kowane zare yana tashi daga jikin ɗan gutsuren silikon, ya lanƙwasa sama, ya sauka a kan ƙafar da za ta kai wuta waje. Inji ne ke ɗinka su, da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Kafin a zuba baƙar robar da za ta rufe su har abada, tilas a san tsayin kowane lanƙwasa. Wanda ya yi sama da yawa zai kusanci bakin roba, wanda ya kwanta zai taɓa ɗan'uwansa ko gefen silikon, wuta ta haɗu, kaya ya tashi aiki.

Ɗora kyamara a sama ka ɗauka, ko da ta fi kowace tsada, ba za ta gaya maka tsayin nan ba. Daga sama, zaren da ya ɗaga da wanda ya kwanta duk layi ɗaya ne. Ga kuma wata matsalar da duk mai ɗaukar ƙananan abubuwa ya sha: gwargwadon matsowarka kusa, gwargwadon yadda wurin da ke fitowa garau ke tsukewa. Ka saita a kan ƙololuwar zaren, gindinsa ya yi dishi-dishi. Ka koma gindin, ƙololuwar ta ɓace cikin hazo.

Hanyoyin da aka saba bi kowace da harajinta. A tsuke ƙofar hasken kyamara, wurin da ke fitowa garau ya ƙaru, amma haske ya ragu, kuma idan hujin ya yi ƙanƙanta sosai hasken da kansa yana bazuwa a bakinsa ya ɓata hoton. A ɗauki hotuna ashirin ko talatin ana matsar da saiti kaɗan-kaɗan sannan a haɗa su. Wannan yana yi idan abin zai tsaya cak ya jira, alhali bel ɗin masana'anta ba ya jiran kowa. A kafa kyamara biyu, hagu da dama; to ina wurin da za su zauna a kan abin da bai kai farce ba, ga shi sau da yawa abin da ta hagu ta hango wani abu ya tare wa ta dama? A bi kan abin da layin hasken leza ana aunawa taki bayan taki, shi ma lokaci yake ci.

A birnin Kiel, can arewacin Jamus a bakin tekun Baltik, akwai wani ƙaramin kamfani mai suna Raytrix wanda wannan ce sana'arsa: kyamara ɗaya, gilashi ɗaya a gaba, latsawa ɗaya, ta ba ka hoto ta kuma ba ka nisan kowane wuri a cikinsa. Mutum biyu suka kafa shi, Christian Perwass da Lennart Wietzke, kuma tun 2010 suke sayar da abin da ake kira kyamarar filin haske, tun kafin kowa ya kai irinta kasuwa. Perwass mutumin lissafi ne, yana da littafi da ya fito a 2009 kan wani reshe na aljabara da injiniyoyi ke lissafin siffofi da juyawar abubuwa da shi. Ana ganin wannan a jikin kyamarar, domin rabinta gilashi ne, rabinta lissafi.

Kafin a ga gwanintarsu sai an ga abin da kyamarar yau da kullum ke zubarwa. Kowane ɗigo a jikin abin da haske ya sauka a kansa yana watsa hasken ta kowace fuska, a miƙe. Ibn al-Haytham ya shimfiɗa wannan a Kitab al-Manazir, littafin da ya rubuta a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, ya kuma hango rikicin da ke ciki: idan kowane ɗigo yana aika haske zuwa ko'ina a fuskar ido, me ya hana gani ya cakuɗe? Amsar gilashin kyamara ita ce tattarawa. Duk hasken da ya taso daga ɗigo ɗaya, ko ta ina ya shigo gilashin, ana lanƙwasa shi ya sauka wuri ɗaya a kan farantin da ke ɗaukar hoto, wanda ake kira sensa. Fiksel ɗin da ke wurin sai ya haɗa jimilla ya rubuta: haske kaza ya zo. Ba ya rubuta ta wace fuska ya zo.

To amma hasken da ya shigo ta gefen hagu na gilashin da wanda ya shigo ta gefen dama ba daga kusurwa ɗaya suka kalli abin ba, kuma a cikin wannan ɗan bambancin ne labarin nisa yake. Miƙa babban yatsanka, ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan yana tsalle a gaban bango. Tsallen nan shi ƙwaƙwalwa ke karantawa ta san na kusa da na nesa. Kyamarar yau da kullum tana riƙe da irin wannan tsallen a hannunta, tsakanin gefe da gefen gilashinta, sai ta dama komai wuri ɗaya.

Dabarar kyamarar filin haske ita ce a hana wannan damawar. Ana sa wani siririn faranti mai ɗauke da ƙananan gilasai dubun-dubata dab da sensa, tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba, kowane gilashi faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Kowannensu yana zana nasa ɗan hoton a kan 'yan fiksel ɗin da ke bayansa. Wanda ya taɓa leƙen tsakar gida ta hujin zana ya san abin: kowane huji yana nuna maka ɗan yanki, ka matsa na kusa da shi ka ga kusan yankin nan dai amma ya ɗan goce. Turmin da ke dab da zanar yana gocewa da yawa daga huji zuwa huji, bishiyar da ke ƙarshen gida kuwa da ƙyar take motsi. Idan ka san tazarar hujojin, ka kuma auna gocewar, ka san nisan turmi da na bishiya ba tare da ka shiga gidan ba. Ɗanyen hoton da ke fitowa daga irin wannan kyamara babu kyan gani. Daga nesa hoto ne mai ƙuraje. Ka faɗaɗa shi, ka ga 'yan da'irori jere reras, kuma bakin zaren zinare ɗaya ya bayyana a da'ira huɗu ko bakwai maƙwabtan juna, a kowace ya ɗan matsa.

Tunanin ya tsufa. A watan Maris na 1908 Gabriel Lippmann ya gabatar wa majalisar masanan kimiyya ta Faransa shawarar a ɗauki hoto ta cikin faranti mai ƙananan gilasai da yawa irin na idon ƙwaro. A shekarar nan ce ya karɓi lambar Nobel, amma kan wani aikin dabam, na hoto mai launi. Wannan shawarar kuwa ta fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa, babu mai iya ƙera gilasan da kyau, babu kuma injin da zai karanta abin da suka ɗauko. A 1992 Edward Adelson da John Wang na jami'ar MIT suka nuna cewa da gilashi ɗaya a gaba da irin wannan faranti a baya ana iya auna nisa. A 2005 Ren Ng da abokan aikinsa a jami'ar Stanford suka haɗa ta hannu wadda ake iya sauya saitin hotonta bayan an riga an ɗauka. Duniya ta yi mamaki, kuma abin ya cancanci mamaki.

Sai dai farashin ya yi tsada. A tsarin Ng kowane ƙaramin gilashi fiksel ɗaya tak yake bayarwa a hoton ƙarshe, duk sauran fiksel ɗin da ke bayansa sun tafi wajen rubuta fuskar da haske ya fito. Ya zuba sensa mai megafiksel 16, ya kwashi hoto mai ɗigo kusan 300 a tsaye 300 a kwance, wato wajen 90,000. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na jarin da ya zuba ba. Da irin wannan hoto ba ka ganin zaren zinare balle ka auna shi.

A nan gizo ke saƙa, kuma a ganina nan ne ainihin sana'ar take. Sensa tana da iyakar fiksel. Duk wanda ka ba wa aikin rubuta fuskar haske ka cire shi daga aikin fito da hoto garau. Ba wayon da zai kauce wa wannan cinikin, abin da ya rage shi ne a iya shi. A 2009 Andrew Lumsdaine na jami'ar Indiana da Todor Georgiev na kamfanin Adobe suka nuna hanyar rage asarar. A matsar da farantin yadda babban gilashi zai haɗa hotonsa a wani wuri dabam, su kuma ƙananan gilasan kowanne ya zama ƙaramar kyamara mai ɗaukar hoton wancan hoton. Yanzu abin da ke cikin kowace da'ira hoto ne na gaske mai fitowa garau, kuma fiksel da yawa daga cikinta za su shiga hoton ƙarshe. Lissafin asarar ma mai sauƙi ne. Don a auna nisan ɗigo, tilas aƙalla gilasai biyu su gan shi. Biyu a tsaye, biyu a kwance, rabi sau rabi, kwata ke nan. Shi ya sa a takardar da Perwass da Wietzke suka fitar a 2012 suka ce iyakar abin da kyamararsu za ta mayar shi ne kwatan fiksel ɗin sensa. Samfurinsu na R29 mai megafiksel 29 yana ba da hoto mai kusan 7 a inda ya fi kyau. Kashi uku cikin huɗu sun tafi, amma an san abin da aka saya da su, kuma ragowar ta isa aiki.

Wannan tsarin shi ma da nasa ciwon. Tunda kowane ƙaramin gilashi kyamara ce, yana da nasa ɗan tsukakken wurin da yake gani garau, abin da ya fita daga nan ya yi hazo. Ana iya cewa matsalar farko ce ta dawo ta ƙofar baya. Abin da mutanen Kiel suka yi a kai shi ya fi burge ni, domin sauƙinsa har haushi yake ba mutum. Maimakon gilasai iri ɗaya, sai suka cakuɗa iri uku a faranti ɗaya, kowane iri da ƙarfin lanƙwasa haskensa: ɗaya na ganin kusa, ɗaya na tsakiya, ɗaya na nesa. Suka jera su a tsarin kusurwa shida, yadda kowane gilashi maƙwabtansa shida ne, uku daga wancan iri uku daga ɗayan, babu irinsa ko ɗaya a jikinsa. Duk inda ɗigo ya faɗo a cikin zurfin da ake aunawa, akwai irin da ya gan shi garau.

Faɗarsa a baki ba wuya. Wuyar tana wajen zaɓen ƙarfin ukun. Ana so inda ganin na farko ya ƙare nan na biyu ya fara, inda na biyu ya ƙare na uku ya karɓa. Aka bar giɓi, akwai zurfin da babu mai ganinsa garau, ma'auni ya yi rami a tsakiya. Aka bari suka hau juna da yawa, an yi asarar zurfin da za a iya samu. Sannan akwai kuɗin da aka biya a ɓoye: tunda maƙwabcinka na jiki ba irinka ba ne, idan ana son gwada garau da garau sai an tsallaka zuwa na gaba, wanda ya fi nisa, ko kuma a koya wa lissafin yadda zai gwada hoto garau da mai ɗan hazo ba tare da ya ruɗe ba. Duk wannan ana yanke shi ne a takarda tun kafin a taɓa gilashi, domin da zarar an ƙera farantin babu gyara.

Ƙerar ƙananan gilasai kanta abin kallo ce. Ɗaya daga hanyoyin da masu wannan aiki ke bi ita ce a shafa wani ruwan roba mai jin haske a kan gilashi, a haska masa zane, a wanke, ya bar 'yan gajerun ginshiƙai jere. Sai a ɗumama. Kowane ginshiƙi ya narke ya dunƙule ya zama ɗan tulluwa mai santsi, yadda ɗigon ruwa ke dunƙulewa da kansa, babu hannun da ya goge shi. Daga nan a sassaƙa siffar cikin gilashin da ke ƙasa, ko a yi mazubi da ita. Mai son iri uku a faranti ɗaya yana neman tudu uku mabambanta a gefen juna, dubun-dubata, kowanne daidai da 'yan'uwansa daga wannan kusurwar faranti zuwa waccan. Bayan haka a ɗora farantin a gaban sensa a kwance sumul. Ya karkata da 'yan maikiromita, gefe ɗaya na hoton zai riƙa faɗin nisan da ba shi ne ba. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga tsakani, ta zauna a kowane hoton abokin ciniki har ƙarshen ran kyamarar.

Ko an gama ƙira, kyamarar ba ta fara aiki sai an yi mata saiti uku, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Na farko shi ne ƙofar hasken babban gilashi. A kyamarar yau da kullum mai hoto yana buɗe ta yana tsukewa yadda ya ga dama. A nan ba shi da wannan 'yancin, domin girman ƙofar shi ke yanke girman kowace 'yar da'ira a kan sensa. Ka buɗe da yawa, da'irorin su kumbura su hau kan juna, hasken wannan ya zuba cikin na wancan, lissafi ya rikice. Ka tsuke, su ƙanƙance, baƙin fili ya buɗe tsakaninsu, fiksel ɗin da ka saya da tsada suna zaune a duhu. Mai saitin yana kallon allo yana murɗa zoben a hankali har gefunan da'irorin su taɓa juna kawai, ba hawa ba giɓi. Ya sauya nisan ɗauka, sai ya sake duba wannan, don matsowa kusa tana sauya lissafin.

Na biyu shi ne farin hoto. Ana rufe gaban gilashin da wani farin faifai mai baza haske, a ɗauki hoton babu komai. Daga shi manhaja ke gano tsakiyar kowace da'ira ɗaya bayan ɗaya, da yadda haske ke dushewa zuwa gefenta, don a rama a duk hoton da zai biyo baya. Na uku shi ke mayar da kyamara ma'auni. Lissafin farko yana faɗin nisa ne da awon cikin kyamara, ba da milimita ba. Sai a kawo faranti mai ɗigo-ɗigo waɗanda aka san tazararsu daidai, a ɗauke shi a miƙe, a karkace, kusa, nesa, har manhaja ta koyi yadda wannan gilashin na musamman ke lanƙwasa fili, ta iya cewa wannan zaren ya ɗaga da kaza. Aka taɓa zoben saiti bayan nan, aikin ya koma farko. Shi ya sa a masana'anta ake ɗaure zoben da sukurori, kuma mai hankali yana barin kyamara ta ɗumama kafin ya fara awo, tunda ƙarfe yana miƙewa da zafi.

Ragowar aikin na kwamfuta ne, kuma shi ya hana tunanin Lippmann tashi shekaru ɗari. Ga kowane fiksel mai wata alama, sai an nemo takwaransa a da'irorin maƙwabta, a auna gocewa, a fitar da nisa, sannan a tattaro gutsattsarin da suka fi fitowa garau a ɗinke hoto ɗaya. Miliyoyin ƙananan lissafi ne iri ɗaya, waɗanda ba sa jiran juna. Abin dariya, kayan da ya dace da wannan an ƙera shi ne don masu wasan kwamfuta: katin hoto na Nvidia, mai iya yin dubban lissafi a lokaci guda. A kansa manhajar Raytrix, RxLive, ke gudana, ta fito da hoto mai garau daga sama har ƙasa, da taswirar nisa mai launuka, da siffar abin da za ka iya juyawa a allo, kuma tana yin haka a kan bidiyo yana tafiya.

Kyamarar tana da makanta, kuma duk mai aiki da ita ya san su. Tana auna nisa ne ta gwada alama da alama, saboda haka inda babu alama ba ta da ta cewa. Farar takarda sumul ko roba mai launi ɗaya rami suke bari a taswira, sai an haska musu zanen ɗigo-ɗigo don a ba ta abin kamawa. Ƙarfe mai ƙyalli yana yaudararta, domin walƙiyarsa tana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa. Rabin aikin kafa ta a masana'anta wajen fitilu yake tafiya. Babbar iyakar kuwa ita ce nisa. Idanun mutum tazarar wajen santimita 6 da rabi ke tsakaninsu. Ita wannan duk kallon da take yi daga cikin faɗin ƙofar gilashi ɗaya take yinsa, santimita ɗaya ko biyu, wani lokaci ƙasa da haka. Ga abin da ke nisan taƙi wannan tazara mai yawa ce. Ga mutum a ƙarshen layi ba komai ba ce, kuma kuskuren awo ba a hankali yake ƙaruwa ba: ka ninka nisa sau biyu, ya ninka wajen sau huɗu.

Wannan ya isa ya bayyana yadda kamfanoni biyu, Raytrix da Lytro, suka rabu a hanya. Ren Ng ya kafa Lytro a Amurka don kai kyamarar hannun kowa. Ta farko ta shiga kasuwa a 2012 a kan dala 399, hotonta fiksel 1080 a tsaye 1080 a kwance, a lokacin da wayar aljihu ta riga ta wuce nan nesa. Aka fito da Illum a 2014, ta fi girma ta fi tsada. A 2018 kamfanin ya rufe. Ba na cikin masu yi wa Lytro dariya, aikin Ng ne ya farkar da fagen gaba ɗaya. Amma mai ɗaukar hoton biki yana tsaye ne a nisan da dabarar ba ta da ƙarfi, kuma abin da aka karɓe masa, wato kaifin hoto, shi ne abin da ya fi so. Sauya saiti bayan ɗauka abin wasa ne na kwana biyu. Injiniyan da ke duba zaren zinare kuwa yana tsaye daidai inda dabarar ta fi ƙarfi, kuma zai ba da kashi uku cikin huɗu na fiksel ɗinsa da murna in dai za a ba shi tsayi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ɗan guntun dabarar ma ya shiga wayoyi ta wata hanya: a sensa da yawa na yanzu kowane fiksel an raba shi biyu a ƙarƙashin ƙaramin gilashi ɗaya, rabi na kallon hagu rabi na kallon dama. Canon ta sa wannan a kyamararta a 2013 don saurin saiti, Google kuma ta yi amfani da shi a wayar Pixel 2 a 2017 wajen dusar da bayan mutum a hoto.

A ɗakunan bincike ma ta sami masu so, kuma misalin da na fi so na masu nazarin tsirrai ne. Mai son sanin saurin girman ganye yakan ɗora kyamara a sama ya riƙa auna faɗinsa. Matsalar ita ce ganye ba ya zama wuri ɗaya, yana ɗagawa yana kwantawa tsakanin dare da rana. Ganyen da ya ɗaga, daga sama sai ya yi kamar ya ƙanƙance, ya kwanta kuma ka ce girma ya yi cikin sa'a ɗaya. Masu bincike a cibiyar Max Planck ta nazarin tsirrai da ke Potsdam sun wallafa a 2015 yadda suka kafa kyamarar Raytrix a kan ɗan tsiron Arabidopsis, suna haska shi da hasken da ido ba ya gani don su ci gaba da ɗauka cikin dare ba tare da sun dame shi ba. Tunda kowane hoto yana zuwa da tsayin kowane wuri a ganyen, sai aka raba motsi dabam, girma dabam.

Wasu kuma nasu suke haɗawa a kan wannan tushen. A 2014 masu bincike daga Biyana da MIT suka sa irin wannan faranti a madubin duba ƙananan halittu, suka ɗauki bidiyon ƙwayoyin jijiya suna walƙiya a duk jikin wata 'yar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302, da cikin ƙwaƙwalwar jaririn kifi, sama da ƙasa a lokaci ɗaya. Masu nazarin gudun ruwa da iska su ma sun kama. Aikinsu shi ne su zuba ƙananan ƙwayoyi cikin ruwan ko iskar, su haska da leza, su ɗauki hoto biyu a jere da tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, su ga inda kowace ƙwaya ta matsa. Don a sami wannan ta tsawo da faɗi da zurfi, an saba kewaye wurin da kyamara huɗu, kowace da tagarta. Amma cikin injin mota ko bututun gwajin iska mai gudun tsiya, sau da yawa taga ɗaya ce ƙarama aka iya hudawa, kuma kowace ƙarin taga rauni ce ga bangon. Ƙungiyar Brian Thurow a jami'ar Auburn ta Amurka ta shafe shekaru tana gyara hanyar yin wannan awon da kyamarar filin haske guda. Awon da take bayarwa ta fuskar zurfi bai kai na kyamara huɗu kaifi ba, kuma ƙwayoyin da za a zuba ba za su yi yawa sosai ba don kada su rufe juna, amma tana shiga inda huɗun ba su da wurin tsayawa.